Minti Bakwai na Eilif

Bergen, 9 ga Fabrairu

Eilif,

Gaisuwa daga kudu, tare da fatan sanyin bana bai sauka maka a ƙirji ba, kuma tumakin suna nan da ƙafafunsu. Tordis ce, 'yar Arnfinn. Rabonka da ni ina 'yar shekara shida, ba haƙoran gaba, ina kiranka baffa duk da cewa kakanka da kakan Baba ne kawai wa da ƙani. Yanzu shekarata hamsin, haƙoran sun fito, wasu har sun sake tafiya. Ina koyar da ƙididdiga a jami'a. Goggo Gunvor ce ta ba ni adireshinka, ta ce kada in wahalar da kaina da waya, taka takan yi ta kuka ne har ta gaji.

Mu nan lafiya, irin lafiyar Bergen: yau kwana talatin da ɗaya ana ruwa. Baba yana ci, yana tafiya, yana zagin rediyo. Kansa ne dai ya fara ɗan yoyo. Likita ta ba abin suna mai tsawo, ni kuma na tsinci makullan gida a cikin tukunyar kofi.

Ga abin da ya sa na rubuto. A watan Satumba wani jirgin ruwa zai tashi daga nan, ya bi gaɓar teku zuwa Tromsø ya dawo, mako guda, ɗauke da mutum dubu da ɗari biyu waɗanda har yau ba su yafe wa duniya komawarta sauraron waƙar minti uku ba. Bikin prog ne, irin kiɗanku, wanda waƙa ɗaya takan cinye gefen faifai sukutum. Ƙungiya ashirin aka gayyata, kusan rabin mutanensu ma da ransu. Cikin ƙungiyoyin har da taku, Skarvholm. Ana so a kaɗa “Shekarar da Kifi Bai Zo Ba” daga farko har ƙarshe, minti ashirin da uku, kamar yadda take a faifan, ba ragi ba ƙari. Baba zai zauna a ogan, fiyanonsa na lantarki, Halvard a ganga da sabon ƙugunsa na ƙarfe. Masu jita biyun aro ne, don na asalin suna maƙabarta.

Saura muryarka. Ƙila ba ka sani ba, tun da ka tafi ba a taɓa sa kowa a gurbinka ba. In aka zo wurin naka sai makaɗa su sassauta, 'yan kallo su rera da kansu. Na ga ƙattin maza masu furfura suna yi suna share hawaye da bayan hannu. Abin ya zame musu ibada, sai dai da giya a hannu.

Jirgin zai tsaya Bodø ran Laraba da tsakar rana, tafiyar awa biyu daga ƙofarka. Skarvholm za su hau dandamali ƙarfe huɗu na yamma, don masu shirya bikin sun dubi shekarunsu. Sun ce akwai ɗaki da sunanka.

Sai saƙo. Baba ya ce in gaya maka, wai cikin shekara arba'in da huɗun nan ya samu sukunin yin ɗan tunani. Ya gano cewa mutumin da ya rera minti bakwai a ɗakin ɗaukar murya, ya koma gida, abokinsa ya sa reza ya yanke zaren da aka naɗi muryar a kai bai gaya masa ba, faifai ya fito ya ji saura minti ɗaya da rabi, mai yiwuwa yana da 'yar hujjar yin fushi. Ka ga saurin fahimta irin na gidanmu. In an sami rezar ma sai a sa ta cikin gilashi a kai gidan tarihi.

Ka yi tunani, ka rubuto.

Tordis


Lyngvær, 14 ga Mayu

Tordis,

Wasiƙarki ta zo, na gode. Ina lafiya, sai gwiwa. Ki gai da Gunvor, ki ce mata wayar tana aiki, ni ne ba na aiki. Na yi jinkiri don tumaki sun shiga haihuwa, 'ya'ya arba'in da biyu, uku sun mutu. Wannan shi ne dalilin da ake bayarwa. Gaskiyar kuwa, wasiƙar ta yi wata uku a ƙarƙashin gwangwanin kofi.

Na tuna ki. Ke ce kika cika mini takalmi da yashi kika tsaya kina kallo in sa.

Na karanta sau uku. Karon farko na yi dariya, don kin iya rubutu. Na biyu ban yi ba. Na uku na gane abin: masu jirgi suna so su rubuta a takardar talla cewa duk waɗanda suka rage da rai za su hallara, Arnfinn kuma bai iya roƙo ba, sai ya aiko 'yarsa mai ilimi ta yi mini barkwanci. Gidan tarihi. To.

Tunda ke malamar lissafi ce, bari in gaya miki abin da ke cikin minti biyar da rabin nan. Sunaye ne. Shekarar da kifi ya ƙi zuwa, ina ɗan shekara tara, maza goma sha ɗaya suka bar tsibirin nan suka tafi masana'antun kudu, ba wanda ya dawo da zama. Na sa kowa a waƙar, da sunansa, da sunan kwalekwalensa, da abin da ya bari a baya. Mahaifina ne na huɗu. Kafin in tafi Oslo ɗaukar murya sai da na bi gida gida na nemi izini. Ranar da faifan ya iso aka taru a kantin Borghild, don ita ke da garmaho mai kyau. Mahaifiyata ta sa rigar coci. Mutum talatin suka zauna kan akwatunan kifi suka saurari minti ashirin da uku. Inda sunayen suke, ogan ɗin babanki ne ke ta kai da kawo. Da ya ƙare sai Borghild ta ce, “To a juya ɗaya gefen mana, ƙila suna can.”

Aka juya.

Ban koma kudu ba tun ranar. A nan na ci gaba da zama cikin mutanen nan talatin, ina sayen burodi a hannun Borghild har ta mutu. Ba wanda ya taɓa tada mini zancen. Da sun tada da ya fi sauƙi.

Batun yoyon kai, duk wanda ya kai shekarunmu yana yi. Ni ma makon jiya na yi awa guda ina neman tabarau, suna bisa hancina. In Arnfinn yana da magana, yana da hannu. Layi ɗaya ya ishe ni, amma da rubutunsa, ba da gwanintarki ba.

Eilif


Bergen, 21 ga Mayu

Eilif,

Na ji daɗin jin kana lafiya. Allah ya sawwaƙe gwiwar, ina kuma yi maka jajen ukun da suka mutu. Na isar wa Gunvor, ta ce ta san haka tun kuna yara.

Layi ɗaya da hannunsa. A Fabrairu da ka samu. A Maris ma ƙila. Jiya na ajiye masa takarda da biro, ya rubuta harafin farko na sunanka, ya tsaya yana kallonsa, can ya tambaye ni ko takardar asibiti ce ake so ya sa hannu. Ba irin tabarau ɗinka ba ne. Ciwon mantuwa ne na gaske, mai cin mutum daga kusa zuwa nesa. Jiya ce ta fara tafiya, sai bara, yanzu ya shiga shekarun bayan rasuwar Mama. Laifina ne da na ce maka yoyo. A gidanmu in abu ya yi muni sai mu raɗa masa suna mai ban dariya, mu ci gaba da shan kofi. Yatsunsa ne kawai ba su san an yi wani abu ba. In ya zauna a ogan, minti ashirin da ukun nan sai su fito cif, alhali bai san ranar mako ba.

Yanzu ga abin da ya faɗa a Fabrairu, ba gishirina a ciki. Yana fere dankali a kicin, ya ba ni baya, ya ce:

“Na yanke masa mutanensa, Tordis.”

Na ce, “Ai faifan ne ba zai ɗauka ba, Baba. Kowa ya sani.”

Ya ce, “Ƙarya ce. Zai ɗauka, da na rage nawa. Na saurara ne ni kaɗai bayan ya tafi, na ji nasa ya fi nawa kyau. Iyakar abin ke nan. Ki rubuta masa haka, yadda na faɗa. Kada ki gyara.”

Na gyara. Na zauna gaban takarda na ji ba zan iya ajiye magana tsirara haka ba, sai na sa mata tufafi. Shekara ashirin ina koya wa ɗalibai su faɗi abin da suka samu ba kwalliya, aka ba ni jimla huɗu in kai, na kasa. Sunayen kuwa ban san da su ba sai a wasiƙarka. A gidanmu ana cewa “ɓangaren Eilif” ne kawai, a wuce.

Wasu ranaku yana tuna abin, wasu ba ya tunawa. Shekaranjiya ya tuna, ya tambaya ko ka amsa. Na ce ka amsa, kana fama da tumaki. Ya ce, “Eilif da tumaki? Mutumin da agwagwa ta taɓa kora har cikin ruwa?” Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, “Bai ce komai ba ke nan.” Na ce tukuna.

Ka manta da jirgin in ka so. Ka zo Bergen yanzu, cikin Yuni, akwai ɗaki, akwai gado mai kyau. Ni ma ban iya roƙo ba, gadonmu ne, amma ka ɗauki wannan a matsayin roƙo. Tikitin jirgin na sa maka a ciki duk da haka, don ba ni da abin da zan yi da shi.

Tordis


A cikin jirgi, tashar Ålesund, Litinin 9 ga Satumba

Eilif,

Ina fata kana lafiya. Fatan kawai zan iya, tunda wata uku da rabi ban ji ɗuriyarka ba. Ni lafiya, ban yi amai ba tukuna. Baba jiki garau, yana cin kifi sau uku a rana.

Muna ciki tun jiya. Bene takwas ne na maza masu baƙaƙen riguna da zanen dodanni, tumbi a gaba, ɗan gashin da ya rage an ɗaure a ƙeya. Karo na farko a rayuwata na ga layin banɗakin maza ya fi na mata tsawo. Ba sa rawa. Tsayuwa suke yi, hannu a ƙirji, ido rufe, leɓe yana motsi. Na ɗauka addu'a ce, ashe bugun ganga suke ƙirgawa, ko a dace wani ya yi kuskure.

Yau wurin karin kumallo na zauna tsakanin wani likitan haƙori daga Hamburg da wani mai gyaran lif ɗin hawa bene daga Tampere. Zancenka suke yi. Likitan ya ce:

“Bugun farko na faifan ya fi. Ana jin numfashin mawaƙin kafin ya shiga.”

“Numfashi? Haba malam, ƙura ce a allurar garmahonka.”

“Kai da kake saurara a mota za ka gaya mini?”

“A mota ko a gado, mutumin dai ya mutu tun tamanin da biyu. Teku ta ci shi.”

“Ina! Yana gidan sufaye a Poland. Wani abokina ya san wanda ya gan shi.”

Na ce kiwon tumaki yake yi kusa da Bodø. Suka dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa matar da mijinta ya jawo dole, suka koma kan zancen numfashi.

Baba kuwa waliyyi ne a nan. Duk inda muka bi sai a miƙo faifai. Ya daina iya rubuta sunansa, layi kawai yake ja mai lanƙwasa, na ji wani yana gaya wa abokinsa cewa sa hannun nasa ya ƙara sakewa, alamar babban mai fasaha. Ba wanda ya lura da komai. Mutumin da ke amsa tambaya da abin da ba a tambaye shi ba, a jirgin nan sunansa mai zurfin tunani.

Na yi ta zagaye, ga maganar. Ran Asabar, muna haɗa kaya, na ce, “Baba, ka tuna zancen reza?” Ya shafa haɓarsa ya ce, “Ai na yi aski.” Na sake gwadawa jiya, na sake yau da safe, na ambaci Oslo, na ambaci zaren, na ambaci sunanka. Sunanka ya sa shi murmushi, sauran kuwa ko gezau. Da na duba baya, rabon da ya tada zancen tun ƙarshen Yuli. Ciwon ya ci wurin ya wuce. Yanzu yana can shekarun kafin a yi abin. Ɗazu ya kira ni da sunan Mama, ya tambaya ko na ba yarinyar abinci. Yarinyar ni ce.

Saboda haka, in abin da ya faɗa a kicin ne zai kawo ka, kada ka zo. Ba wanda zai ba ka shi. Na buga wayarka sau tara daga bakin tashar nan. Zan jefa wannan a akwatin gidan waya, kuma na san lissafin: jirgi zai kai Bodø jibi, wasiƙa sai ta ƙara kwana biyu a kai. Abin da ke kwantar mini da hankali ɗaya ne, ban ga alamar kana da niyyar zuwa ba.

Tordis


Lyngvær, 16 ga Satumba

Tordis,

Ina fata kun sauka lafiya, ke da shi. Ni na dawo gida lafiya. Wasiƙarki ta Litinin na same ta a akwati ran Juma'a, bayan an gama komai.

Na zo. Na hange ki a kan wata 'yar kujera gefen ogan, kina riƙe da bakin rigarsa kada ya tashi a tsakiyar kiɗa. Kin yi kama da kakarki. Ban zo na gaishe ki ba, ki yi haƙuri.

Za ki ce me ya hana ni zuwa a Yuni. Wasiƙarki ta Mayu sau ɗaya na karanta, ta isa. Na ɗauki biro ban san me ake cewa ba. Sai na ce ba zan je in same shi da silifas a kicin, 'yarsa tana goge masa baki, in karɓi ban-haƙuri daga hannun marar lafiya ba. Na ce bari in same shi a bakin ogan, inda yake Arnfinn, mu yi magana a tsaye. A ganina girmama shi nake yi. Duk watan Yuli na yi ta yankan ciyawa da wannan tunanin, ina jin kaina mutumin kirki.

A ƙofar jirgin wata ta duba tikitin, ta ɗaura mini abin roba a hannu, ba ta karanta sunan ba. Na tsaya can baya kusa da ƙofar zauren, da rigar uluna. Rabona da jin waƙar tun ranar kantin Borghild. Ogan ɗin yana da kyau, Tordis. Wannan ma wani abin haushin ne.

Da aka zo wurina makaɗa suka sassauta, mutum dubu suka ja numfashi lokaci ɗaya. Ban yi niyya ba, bakina ne ya buɗe. Muryata ta sauka ƙasa yanzu, kuma ina jan baitin yadda ya zo mini, tunda nawa ne. Su kuwa daidai da faifan suke yi. Akwai inda muryata ta ɗan karye a Oslo saboda mura, su ma duka sai suka karya tasu a wurin. Na gabana, wani dogo mai gemu da kwalba a hannu, ya juyo.

“Dattijo, don Allah.”

Na ci gaba.

“Baba, in ba ka iya ba ka saurara mana! Shekara biyu ina jiran minti ɗaya da rabin nan.”

Na kusa da shi ya ce, “Ƙyale shi, ina jin jirgin fito ya zo shiga ya yi ɓatan kai.”

Na daina rerawa. Da gaskiyarsa, ba haka take a faifan ba.

Da aka tashi na fita shan iska. Sai ga Halvard jingine da ƙarfen bene yana satar shan taba, Arnfinn a gefensa cikin bargo. Ke an ce kin je ɗauko magani. Halvard ya gan ni, tabar ta faɗi daga bakinsa. Na shirya maganata tun a jirgin fito. Zan ce: na ji saƙonka, ya wuce. Kalma biyar.

Arnfinn ya ɗago ya ce, “Kai, ɗan iska, sai yanzu?” Ya rungume ni. Bai taɓa rungumata ba tunda muke. Ya ce, “Ina abin wuyanka? Kana yawo cikin iska wuya a buɗe, gobe za mu ɗauki sunayen! Uwar Petter ɗin ta yarda a sa sunan ɗanta?”

Na ce ta yarda.

“Madalla. Su goma sha ɗayan duka?”

“Duka.”

“Mamarka sai ta yi kuka, ka gani. Tsibirin nan kaf sai sun yi kuka. Halvard, kashe tabar nan, za ka lalata mana murya. Kai kuma Eilif, zo nan, shigo bargon.”

Halvard ya juya yana kallon ruwa.

Na tsaya da kalmomina biyar a baki. Wa zan ba? Wanda ya yi abin ya aiko a Fabrairu, ya jira, ya tafi. Wannan da ke gabana bai yi mini komai ba tukuna, yana sona kamar da. Na zauna da shi kamar minti goma cikin bargo ɗaya. Ya sa na rera masa sunayen a hankali, wai don ya ji inda zai shigo da ogan. Na manta biyu. Shi ya tuna mini su, har da sunan kwalekwalensu.

Na sauka a Svolvær ƙarfe bakwai. Na ce masa zan je in hutar da murya. Ya ce kada in sha abu mai sanyi.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke wasa kika yi a wasiƙa ɗaya. Ni na yi jinkiri wata bakwai, kafin nan kuma shekara arba'in da huɗu. Ke ce mai lissafi.

Eilif


Bergen, 2 ga Nuwamba

Eilif,

Ina gaishe ka, da fatan ka shigo da tumakin kafin ƙanƙara. Wannan karon ni ce na yi nauyin hannu. Ni lafiya. Baba ya koma gidan kula da tsofaffi tun farkon Oktoba, bayan ya kunna murhu ya fita neman motar da ya sayar tun ina makaranta. Ɗakin yana da tsabta, tagar tana kallon tashar jiragen ruwa. Akwai fiyano a falo, ana buɗe ta daga ƙarfe biyu zuwa uku.

Halvard ya gaya mini a ranar cewa ka zo. Na yi gudu bene uku da kwalbar magani a hannu, na hangi bayan wani tsoho mai rigar ulu a kan tashar Svolvær. Ƙila kai ne. A Svolvær kowa tsoho ne mai rigar ulu. Kafin ran Alhamis labari ya cika jirgin cewa an gan ka. Likitan haƙorin nan ya kawo hujja shida cewa ba zai yiwu ba, aka yarda da shi.

Abu ɗaya Baba bai manta ba, zuwanka. Ba ya tuna jirgin, ba ya tuna tafin da aka yi masa, amma ya san Eilif ya iso kuma gobe za a ɗauki sunayen. Kullum da safe sai ya sa ma'aikatan sun rufe taga saboda muryarka. Tunda nake da shi ban taɓa ganinsa cikin farin ciki haka ba. Ban san ko in ce ka zo ba. In ka zo zai yi murna, kai kuma ka koma da abin da ka zo da shi. In ba ka zo ba ba zai lura ba, tunda gobe kana tafe.

Jiya ina yanke masa farce, ya dubi ƙofa, ya yafito ni kusa. Aslaug yake ce mini yanzu, sunan Mama.

“Aslaug, kin ji sunayen nan na Eilif?”

“Na ji labarinsu.”

“Abin ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai.” Ya daɗe yana kallon yatsunsa. “Amma minti bakwai fa. Akwai tsawo. Ina ganin sai an ɗan rage. Kada ki gaya masa, in ya koma gida zan san yadda zan yi.”

Na ce to. Ya saki ajiyar zuciya, ya miƙo mini ɗaya hannun.

Tordis